Gwanayen Bol da Jirgin Ra: Bitar Littafin Thor Heyerdahl

Tun tsakiyar ƙarni na 19 Turawa ke ɗauko jirgin ruwa daga ƙasashensu su kawo shi Tafkin Chadi. A 1850 ayarin da Heinrich Barth yake ciki ya taso daga Tarabulus da jirgin katako da aka rarraba aka ɗora wa raƙuma, aka keta Sahara da shi, har abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya harhaɗa shi a bakin tafki a 1851 ya shiga tsibiran Buduma. A 1897 Émile Gentil, Bafaranshen da ya kafa garin nan namu, Fort-Lamy (N'Djamena ta yau), bayan shekara uku, ya gangaro ta kogin Shari da jirgi mai tururi, Léon Blot, wanda shi ma gunduwa-gunduwa aka yi dakonsa a kan mutane daga ɓangaren Kwango. Kowannensu da jirginsa ya zo. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka sami Baturen da ya sauka Fort-Lamy hannu rabbana, ya nufi garin Bol na bakin tafki, yana neman masu tafkin su nuna masa yadda ake ɗaure jirgi. Shi ne Thor Heyerdahl, mutumin Norwe, kuma littafin da ya rubuta a kan wannan lamari shi ne nake so in gabatar wa mai karatu.

Littafin ya fito da harshen Norwe a 1970 da suna Ra, aka fassara shi zuwa Turanci a 1971 da suna The Ra Expeditions, akwai shi kuma da Faransanci. An yi fim ɗinsa ma, har ya shiga jerin masu neman lambar Oscar. Duniya ta san shi da labarin wasu mutane da suka fuskanci tekun Atlantika a kan damin ciyawa. Amma wanda ya karanta shi yana zaune a unguwar Diguel ta N'Djamena, kamar ni, abin da zai fara kama shi daban ne: tushen labarin a ƙasarmu yake. Hannuwan da suka ɗaure jirgin farko hannuwan Buduma ne, kafintan da ya riƙa gyara shi a tsakiyar teku ɗan Chadi ne, kuma yawancin 'ya'yanmu sun girma ba su taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Heyerdahl, wanda aka haifa a 1914 ya rasu a 2002, ya riga ya yi suna tun 1947, lokacin da ya tashi daga Peru a kan gungumen itatuwa da aka ɗaure, Kon-Tiki, ya yi kwana 101 kafin ya isa tsibiran Polinesiya. Tambayar da ta dame shi wannan karon daga bangon kaburburan Masar ta fito. A can akwai zanen jirage na bardi, doguwar ciyawar ruwan nan da Masarawan dā suke yin takarda da ita, jirage masu goshi da wutsiya a ɗage, wasu har da turke da zanen iska. Masana suka ce irin wannan jirgi bai wuce kogin Nilu ba, domin bardi in ya yi mako biyu a ruwa zai jiƙe ya nutse. Shi kuwa ya ce a gwada a gani. Matsalarsa ita ce Masar ta daɗe da rasa ciyawar a gaɓar Nilu, masu sana'ar kuma sun ƙare. Dole ya nemi inda ilimin yake da rai, neman da ya kai shi Meziko da tafkin Titikaka da Habasha, ya kuma kawo shi nan.

Chadin da ya tarar ba ta kai shekara goma da samun 'yancin kai ba. François Tombalbaye ke mulki, an kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta Frolinat tun 1966, tawaye ya fara ruruwa a tsakiyar ƙasa da arewa, baƙo kuwa ko'ina ya nufa da ido ake bin sa. Ya ba da labarin tafiyar jif cikin rairayi daga Fort-Lamy zuwa Bol, kuma wanda ya taɓa bin hanyar Massakory zai gane zafin da ƙurar da yake nufi. Nan bai daɗe ba. Da ya iso bakin ruwa ne alƙalaminsa ya sami abin da yake so, kuma waɗannan shafuka na Bol su ne mafi daraja a wurina cikin littafin duka.

Bardi ɗan'uwan aya ne da kajiji, sai dai shi yana wuce tsawon mutum biyu. Karansa kusurwa uku gare shi, santsi ne a waje, kore shar, kaurinsa a gindi yana kusan wuyan hannun yaro, a samansa kuma ga tuntu mai bazuwa. In ka karya shi za ka ga cikinsa totuwa ce fara, cike da ƙananan ramukan iska, kuma wannan iskar ita ke ɗauke da jirgi. Buduma suna yanko shi, su shanya ya bushe, sannan su ɗan jiƙa shi don ya yi laushin lanƙwasa. Daga goshi ake farawa. A haɗa 'yan karare kaɗan a ɗaure, a riƙa cusa wasu a cikinsu ana ƙara kauri, kowane dami a zarge shi da igiyar kaba a jikin na kusa da shi, a ja da hannu da haƙori har ya yi tauri. Goshin yana tashi sama siriri, bayan kuwa a datse shi da wuƙa a miƙe. Abin da aka samu shi ne kadei. Ba shi da rami a ciki balle ruwa ya taru, don haka babu mai kwarfar ruwa. In raƙumin ruwa ya hau kansa, sai ya bi tsakanin karare ya koma inda ya fito. Ƙanana na masunta ne, manya kuwa su ke ɗaukar kanwa da dabbobi su ketare tafki. Heyerdahl ya tsaya ya kalli wannan aiki da idon almajiri, ya rubuta shi dalla-dalla, har mai karatu ya ji kamar shi ma zai iya gwadawa. Ban san wani littafi da ya kai mutane masu yawa haka ba, wanda ya ba sana'ar mutanen tafki irin wannan girma.

Sai fitar da suka yi a kan tafki. Gajeriyar fita ce, ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma a kanta komai ya ginu. Baƙon ya hau, ya taka, ya ji abin bai karkata ba. Ya ga tsibiran ciyawa masu yawo, waɗanda iska ke turawa su toshe mashigi yau su buɗe shi gobe, masunta kuma suna sauka a kansu su kwana. Ya ga yadda kadei ke tafiya shiru cikin ruwa marar zurfi, mutum ɗaya a baya yana tura shi da doguwar sanda. Ya sauko da yaƙinin cewa masana sun yi kuskure. A yau a Turai da Amurka akwai masu hali da ke zama cikin katamaran, jirgin nan mai ganga biyu da ɗaki a tsakani, su mai da shi gidansu. In za su fita shan iska na yini ɗaya, sai sun kwashe kwanuka sun ɗaure akwatuna sun duba kowace igiya, domin gidan ne dungurungum zai motsa, kuma sun san cewa a irin wannan gajeriyar fita ake gane lafiyar jirgi tun gaɓa tana kusa. Masuncin Buduma ya san wannan tun kaka da kakanni, ya kuma san abin da ya fi shi: kadei abin fita ne a dawo. In an dawo a jawo shi tudu ya sha rana ya bushe, in ya tsufa a ɗaure sabo, tunda ciyawar tana nan a bakin ƙofa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin abin da aka nema daga jirgin Ra daga baya shi ne ya yi wata biyu cikin ruwan gishiri ba tare da ya ga tudu ko sau ɗaya ba.

Mutum uku Heyerdahl ya samu a Bol. Umaru da Musa su ne gwanayen ɗauri, sai Abdullahi Djibrine, kafinta, wanda ya zama tafintansu. Fitar da su daga ƙasa bai zo da sauƙi ba. An tsare Abdullahi a Fort-Lamy bisa zargin cinikin bayi, don an ga yana shirin kai mutanen tafki biyu Masar, sai da Heyerdahl ya dawo da kansa ya bi ofisoshi kafin aka sake shi aka ba su izinin tafiya. Marubucin ya ba da wannan labari da raha, amma wanda ya san tarihin yankin nan, ya san abin da ayarin bayi suka yi a hanyar Fezzan da Masar har zuwa zamanin Rabeh, ba zai ga laifin hukumar da ta yi tambaya ba.

A farkon 1969 aka fara aiki a cikin rairayi bayan dalar Giza. Bardin daga tafkin Tana na Habasha aka yanko shi, aka biyo da shi ta Bahar Maliya. Musa Budumanci kaɗai yake ji. Umaru yana jin Budumanci da Larabci, Abdullahi Larabci da Faransanci, don haka duk maganar da ta fito daga bakin Heyerdahl sai ta bi ta mutum biyu kafin ta kai ga wanda ke riƙe da igiya. A gefe guda kuma ga Björn Landström, mai zanen jiragen dā, yana fitar da siffa daga hotunan kaburbura. Wato ilimi iri biyu aka haɗa a fili ɗaya, na takarda da na hannu, kuma a nan ne littafin ya fi zaƙi, domin marubucin bai ɓoye saɓanin da ya taso ba.

Saɓanin a kan wutsiya ne. Zanen Masar ya nuna jirgi mai baya a ɗage, lanƙwashe ciki. Umaru da Musa suka nuna cewa a wurinsu ba a yin haka, kadei a datse bayansa yake. Aka yi ta ja-in-ja, daga bisani suka yarda, amma lokacin gangar jirgin ta riga ta yi nisa, sai wutsiyar ta zama ƙari da aka liƙa a baya, ba ta taso daga cikin jikin jirgin ba. Sannan ga wata igiya da ake gani a zanen, ta taso daga ƙarshen wutsiya ta sauko kan bene. Kowa ya ɗauka aikinta riƙe lanƙwasar wutsiya ne kawai. Da aka ga lanƙwasar ta zauna da kanta, sai aka cire igiyar. Sai a tsakiyar teku aka gane cewa aikinta irin na tsirkiyar baka ne: wutsiya ita ce bakan, igiyar kuma ita ke ɗaga bayan jirgi duk lokacin da raƙumin ruwa ya wuce ƙarƙashinsa ya bar shi a rataye. Babu wanda ya san haka a filin Giza, daga mai digiri har mai ɗauri. Heyerdahl ya faɗi wannan a fili bai jingina wa kowa ba, kuma wannan gaskiyar tasa ita ce babban dalilin da ya sa nake amince wa sauran abin da ya rubuta.

Jirgin da aka gama ya kai mita 15. Aka kai shi Safi, tashar masunta a gaɓar Maroko, matar Basha na garin ta yayyafa masa nonon akuya ta raɗa masa suna Ra, sunan rana a addinin Masarawan dā. Mutum bakwai suka hau, daga ƙasa bakwai: Heyerdahl, da Norman Baker Ba'amurke, wanda shi kaɗai ne ainihin matuƙin jirgi a cikinsu, da likita Yuri Senkevich na Tarayyar Sobiyet, da Carlo Mauri na Italiya, da Santiago Genovés na Meziko, da Georges Sourial na Masar, da Abdullahi. A tuna shekarar. Amurka da Sobiyet suna zaman doya da manja, yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 bai huce ba, ga Bayahude da Bamasare Kirista da Musulmin Chadi a ɗaki ɗaya na saƙar kara, suna kwana a kan akwatunan kayansu, abincinsu da ruwansu a cikin tulunan ƙasa, tutar Majalisar Ɗinkin Duniya tana kaɗawa a sama da izinin babban sakatarenta U Thant. Marubucin ya iya ba da labarin zaman gida a kan ruwa. Yana nuna ƙananan abubuwan da ke ɓata rai in wuri ya yi ƙunci, wane ya bar kwano ba wanki, wane ya yi munshari, ya kuma nuna yadda ake kashe wutar tun ba ta kama ba. Har biri da agwagwa suna cikin ayarin, kuma sun taimaka wajen sanyaya zukata.

Ran 25 ga Mayu 1969 aka ja su zuwa bakin teku aka sake su. Jirgi mai zane irin wannan gaban iska kawai yake bi, ba ya juyowa ya fuskance ta, ga shi kowace rana a ruwa ana ganin kamar an rage wa bardin kwana. Saboda haka ranar tafiya ita ce ranar koyo. Tun a yinin farko manyan filafilai biyu na baya, waɗanda ake juya jirgin da su, suka karye, Norman kuma yana kwance da zazzaɓi. Wani darasin ya biyo baya. Sun jibge kaya masu nauyi a ɓangaren da iska ke bugowa, kamar yadda ake yi a jirgin katako, ashe a jirgin ciyawa wannan ɓangaren ne ke shan fantsamar ruwa ya yi nauyi da kansa, sai Ra ya fara karkata can. Duk waɗannan abubuwa ne da fitar yini ɗaya kusa da gaɓa za ta iya nunawa. Su kuwa sun koye su ne ba hanyar komawa, kuma yadda marubucin ya jera su ɗaya bayan ɗaya yana sa mutum ya kasa ajiye littafin.

A nan Abdullahi ya fito sosai. Mutum ne da bai taɓa ganin teku ba. Ya yi mamakin jin gishiri a ruwa mai yawa haka, abin kuma ya dame shi saboda alwala. Mai karatu Musulmi zai ji wannan damuwar a jikinsa, zai kuma tuna cewa a Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya tabbatar da tsarkin ruwan teku, wanda ɗalibanmu ke karantawa a zaure alhali mafi yawansu ba za su taɓa buƙatarsa ba. Shi ya buƙace shi. Bai bar salla ba a kan bene mai rawa. Da wani katafaren kifin teku, irin mai feso ruwa sama, ya ɓullo kusa da su, ya ɗauka dorina ce, abin da ya sani a Shari da tafki. Wani zai karanta wannan ya ga kamar ana yi masa dariya, kuma akwai wuraren da alƙalamin Heyerdahl ya zame zuwa kallon da Turawan zamaninsa ke yi wa baƙar fata, kallon babba ga yaro. Ban ji daɗin waɗannan wurare ba. Amma ayyukan da littafin ya lissafa sun fi ƙarfin wannan kallon. Duk lokacin da filafili ya karye, Abdullahi ne da kayan aikinsa ke haɗa shi. Shi ne ya san yadda damin ke zaune tun daga Giza, don haka da igiyoyi suka fara tsinkewa, hannunsa na cikin masu ɗinki. Mutumin da ya bar Bol bai san ɗanɗanon teku ba ya yi mako takwas yana riƙe da rayukan mutum shida tare da tasa.

Ƙarshen Ra a hankali ya zo. Wutsiya ta sunkuya, bayan jirgi ya nutse, raƙuman ruwa suka sami hanyar hawa. Ɗakin kara yana gogar benen dare da rana har ya cinye igiyoyin ɓangaren dama, damin bardi suka fara ɓallewa suna bin ruwa. Hadari ya same su kusa da tsibiran Karibiyan, kifayen shak kuma suka hana a shiga ƙarƙashi a yi gyara. Ran 18 ga Yuli, bayan tafiyar kimanin kilomita 5,000, suka koma cikin wani ƙaramin jirgi mai suna Shenandoah suka bar Ra, saura kamar mako guda su isa Barbados. Bayan kwana biyu Amurkawa suka taka wata, idon duniya ya koma sama. Sau da yawa in ana taƙaita labarin nan sai a ce mutanen Chadi sun yi jirgi ya lalace, mutanen Bolibiya suka yi na biyu ya isa. Wanda ya karanta littafin da kansa ba zai yarda da wannan taƙaitawa ba. An ce bardi mako biyu zai yi, ɗaurin Umaru da Musa ya yi mako takwas, da siffar da ba tasu ba, da wutsiyar da suka ƙi tun farko, ba tare da igiyar da za ta tallafe ta ba. Jirginsu ne ya fara karya maganar masana.

Ra na biyu, a 1970, mutum huɗu 'yan ƙabilar Aymara daga tafkin Titikaka, ɓangaren Bolibiya, suka ɗaure shi a Safi. Dabararsu daban ce. Sukan yi manyan dami biyu su sa siriri a tsakani, su naɗe kowanne da doguwar igiya guda su ɗaure shi da na tsakiyan, su yi ta ja har na tsakiya ya ɓace, a sami gindi mai ganga biyu, kusan tsarin katamaran. Jirgin mita 12 ne, an kuma mayar da igiyar wutsiya inda take. Ya tashi ran 17 ga Mayu da mutum takwas, ya isa Barbados ran 12 ga Yuli, kwana 57, kilomita 6,100. Abdullahi ba ya cikin wannan tafiya, Madani Ait Ouhanni na Maroko ne ya shiga, tare da Kei Ohara na Japan. Wannan kashi ya fi gajarta a littafin, haka ma ya dace, tunda an riga an biya kuɗin makaranta a tafiyar farko. Abin da ya fi tsaya mini a nan shi ne dunƙulen kwalta. Tun a Ra na farko suka riƙa ganin baƙaƙen dunƙulen ɗanyen mai a tsakiyar teku, a na biyu Madani ya riƙa tsamo su yana ajiyewa, aka same su a kwana 43 cikin 57. Rahoton ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya kafin taron muhalli na Stockholm na 1972. Wanda ke zaune dab da ruwa a kan ciyawa ya ga abin da masu manyan jirage ke wucewa ta kansa.

Inda ba na tare da marubucin shi ne dalilin tafiyar. Ko da yake yana cewa shi dai ya nuna abu mai yiwuwa ne, ya ɓata shafuka masu yawa yana jera kamanni tsakanin Masar da tsofaffin al'ummun Meziko da Peru, yana karkata ga cewa wayewa ta ketara musu ne daga gabas. Masana tarihin dā ba su karɓi wannan ba, kuma suna da hujja. An gina dalar Giza kimanin shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, ta La Venta a Meziko kuwa ta zo bayanta da fiye da shekara 1,500, ga shi ba a taɓa tono wani kayan Masar na dā a ƙasar Amurka ba. Mu a Afirka mun san zafin irin wannan magana. A 1910 Leo Frobenius ya ga kawunan Ife ya ce ba aikin Yarbawa ba ne, ragowar wata ɓatacciyar ƙasa ce. Abin mamaki shi ne littafin da kansa ya ƙunshi amsar: Buduma da Aymara, teku da sahara a tsakaninsu, kowa ya dubi ciyawar bakin tafkinsa ya fitar da jirgi, kowa da irin ɗaurinsa. Waɗannan babobi za a iya wuce su da sauri ba a yi asara ba. Asarar da na ji ita ce ta Umaru da Musa. Da aiki ya ƙare suka koma gida, littafin kuma ya bar su nan. Mun ji abin da suka yi, ba mu ji abin da suke tunani ba sai ɗan abin da ya tsallake bakin tafinta biyu.

Tafkin da Heyerdahl ya gani ya canza. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, farin 1973 da na 1984 suka raba shi biyu suka janye shi ƙwarai. Kwale-kwalen katako mai inji ya karɓe aikin kadei, rikicin Boko Haram kuma ya kori dubban mutanen tsibirai daga gidajensu. Bandar da muke saya a kasuwar Diguel har yanzu daga ruwan nan take zuwa, amma yaran unguwa da yawa ba su ga kwale-kwale da kyau ba sai a ambaliyar 2022, lokacin da ya shigo cikin unguwannin N'Djamena yana kwashe mutane da kayansu. Alhali yankin nan tsohon gidan jirgi ne. Kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a jihar Yobe a 1987, aka tono shi a 1994, ya kai shekara 8,000, yana cikin mafi tsufa a duniya, kuma a cikin kwarin tafkin nan aka sassaƙa shi.

Ra na biyu yana ajiye a gidan tarihin Kon-Tiki a Oslo, baƙi suna zuwa kallonsa kowace rana. Na farko teku ya cinye shi, abin da ya rage daga aikin mutanen Bol shi ne hotuna da waɗannan shafuka. Saboda haka nake ganin littafin ya cancanci a karanta shi a nan fiye da ko'ina, da kurakuransa da komai. Ina kira ga masu fassara da maɗaba'u na Kano da Zariya, da gidajen rediyo masu shirin Hausa da Larabcin Chadi, su ɗauki ko da babobin Bol da Giza da tafiyar farko su mayar da su harshen da jikokin Umaru da Musa da Abdullahi za su ji. Ɗalibanmu na jami'a kuma su je wurin dattawan Buduma da suka iya ɗaurin kadei, su ɗauki aikin da bayaninsa daga bakinsu, tun suna raye.